Amsoshin Tambayoyinku: Yini Guda a Tsibiri Don Kallon Ƙarƙashin Teku

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da jinjina a kan wannan fili. An ɗaura mini aure watanni biyu da suka wuce, kuma maigidana ya yi mini alkawarin mako guda a Zanzibar. A cikin hotunan da yake nuna mini akwai na wasu mutane kwance a saman ruwa, fuskokinsu a ciki, da gilashi a ido da bututu a baki, suna kallon kifaye a gefen wani ɗan tsibiri. Ya ce yini guda ake yi, a tafi da safe a dawo da yamma. Abin ya shiga raina ƙwarai, sai dai ni ban iya iyo ba, ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Shi kuwa ya ce ya iya ruwa, domin ya yi wanka a rafin garinsu yana yaro. Shin wadda ba ta iya ruwa ba za ta iya yin wannan? Wane tsibiri ya kamata mu je, kuma a wane wata? Wace sutura zan sa wadda ba za ta zubar mini da mutunci ba, kuma yaya za mu yi da sallah a wurin da babu komai sai yashi da ruwa?

Amarya, daga Zariya

Amsa

Wa'alaikumus salam, Amarya. Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Za ki iya, amma da sharuɗɗa, kuma ina roƙonki kada ki sassauta ko ɗaya daga cikinsu don jin kunyar mai jirgi ko don ganin wasu sun yi. Abin da kika gani a hoto, wanda a can za ki ji ana ce masa sinokilin, ba nutso ba ne. Masu nutso su ne masu goya tukunyar iska a baya su sauka ƙasa, kuma wannan sai an yi kwanaki ana koyonsa. Ke kuwa a saman ruwa za ki kwanta rub da ciki, gilashin ya rufe miki ido da hanci, bututun ya leƙo sama ta gefen kunnenki, kina shaƙar iskar duniya ta baki kamar kowa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, don haka ya fi ruwan rafi nauyi kuma ya fi shi ɗaga jikin mutum, idan kuma aka haɗa da rigar ceto wadda ta yi miki daidai aka ɗaure ta tamau, ba za ki nutse ba ko da kin daina motsi baki ɗaya. Abin da ke jefa baƙo cikin hatsari a wannan harka shi ne firgita, wato lokacin da ɗan ruwan gishiri ya shiga bututu ya taɓa maƙogwaro, mutum ya ɗaga kai a ruɗe, ya fizge gilashin, ya shiga kokawa da ruwan da a da yake riƙe da shi lafiya lau.

Saboda haka damuwata ta fi karkata ga angon fiye da ke. Wadda ta san ba ta iya ba za ta sa riga ta riƙe hannun ɗan jagora, amma wanda ya yi wankan rafi shekara ashirin da suka wuce yakan ɗauka ya gama da ruwa. Na ga haka da idona a gefen tsibirin Mnemba. Wani saurayi majiyin ƙarfi da muka hau jirgi ɗaya da shi ya mayar da rigar da aka miƙa masa, ya ce shi a bakin kogi ya girma, ya dira. Bai yi minti uku ba ruwa ya ja shi nesa da jirgi, kuma abin da har yau ban manta ba shi ne ko ƙara bai yi ba. Kansa kawai muke gani yana fitowa yana komawa, bakinsa a buɗe, hannuwansa suna danna ruwa kamar mai neman matakala. Yaron jirgin ne ya lura, ya wurga masa tayar ceto mai igiya, aka jawo shi yana amai, ya yi sauran yinin a kwance a ƙasan jirgi. Rafi yana da gaɓa kusa, yana da ƙasa da ƙafa za ta taka, kuma gudunsa gefe ɗaya yake yi a fili. Teku kuwa yana jan mutum a hankali ba tare da ya ji ba, sai ya ɗaga kai ya ga jirgi ya koma ɗan ƙarami. Ki karanta wa maigidanki wannan sakin layi cikin ladabi, ki ce masa ni na roƙe shi ya sa rigar shi ma.

Kada ranar tafiya ta zama ranar da za ki fara sa gilashin. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ki ari kayan ki shiga tafkin wanka na masauki ko bakin teku inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ki ɗora gilashin a fuska ba tare da kin sa maɗaurinsa ba, ki ja numfashi kaɗan ta hanci. Idan ya manne bai faɗi ba, ya yi miki daidai, idan ya faɗi ki nemi wani. Ki tabbatar babu gashi ko bakin ɗankwali a ƙarƙashin robarsa, domin ta nan ruwa ke sulalowa, kuma saboda wannan dalili ne ya kamata ango ya rage gashin baki, gemu dai ba ya hana komai. Sai ki sunkuya ki sa fuska a ruwa kina tsaye da ƙafafunki, ki yi ta numfashi ta baki a hankali, mai tsawo, har ki daina jin zuciyarki tana bugawa. Daga nan ki bar ruwa ya shiga bututun da gangan, ki hura shi waje da ƙarfi sau ɗaya kamar mai hura wuta, ki maimaita har abin ya daina ba ki tsoro. Abu na ƙarshe da za ki koya ya fi duka muhimmanci: idan kin gaji ko kin ruɗe, ki juya rigingine, ki cire bututun daga baki, ki kalli sama, ki ɗaga hannu ɗaya. Rigar za ta riƙe ki har a zo. Gilashin yakan yi hazo daga ciki, maganinsa kuwa ɗigon sabulun wankin kan jarirai, a shafa a ɗauraye kafin a sa.

Yanzu batun tsibiri, kuma a nan ne akasarin mutane ke yin kuskure, domin sukan zaɓa da kyawun hoto maimakon su zaɓa da gwargwadon iyawarsu a ruwa. Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, a gefen Tanzaniya, manyansu Unguja da Pemba, kuma ku Unguja za ku sauka. Wurin da za a fara tallata muku a tsohon garin Zanzibar da ke Unguja, wanda Suwahilawa ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, shi ne Changuu, da aka fi sani da Prison Island, wato Tsibirin Kurkuku. Tsawonsa kimanin mita 800 ne, faɗinsa kimanin mita 230, kuma tafiyar rabin sa'a ce ko ƙasa da haka a ƙaramin jirgi. An gina kurkuku a kansa a shekarar 1893, amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara da ke zuwa ta jiragen ruwa. Abin kallonsa na gaske shi ne manya-manyan kunkurai da asalinsu aka kawo daga tsibiran Seshel a 1919, waɗanda wasunsu sun haura shekara ɗari. Wuri ne mai daɗi ga tarihi, amma abin da ke ƙarƙashin ruwansa ya sha wahalar yawan jirage da ƙafafun baƙi, don haka kada ki auna teku da abin da za ki gani a nan. Yawanci ana haɗa shi da Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar ruwa wanda ke bayyana idan teku ya janye ya kuma ɓace idan ya cika. Ma'anar sunan da Suwahilanci ita ce "ina son ki", shi ya sa angwaye ke rububinsa. Amfaninsa gare ki shi ne za ki shiga ruwa da ƙafarki daga kan yashi, taki ɗaya bayan ɗaya, ki tsaya inda kika ga dama. Sai dai babu bishiya, babu banɗaki, inuwar da za ku samu ita ce rumfar da masu jirgi suka kafa.

Mnemba, wanda nake zaton hotonsa aka nuna miki, yana arewa maso gabashin Unguja, daura da gaɓar Matemwe da Muyuni. Ruwansa garai-garai ne kuma kifayensa suna da yawa, har akan ci karo da dabbar dolfin. Amma tsibirin kansa a hannun wani masauki mai tsada yake, wanda bai kama ɗaki a can ba ba ya taka ƙasarsa, ma'ana daga jirgi za a sauke ki kai tsaye cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsayinki, a tsakanin wasu jirage masu yawa da injinansu ke aiki. Ban ba ki shawarar ki fara da shi ba. Idan kin gwada wani wuri kin ji hankalinki ya kwanta, to ki sa shi a kwanakin ƙarshe.

Da ni ne mai zaɓa muku, kuma aljihun ango zai ɗauka, Chumbe zan ce. Ɗan tsibiri ne kimanin kilomita 12 kudu maso yammacin tsohon garin, kuma tun 1994 gwamnatin Zanzibar ta ayyana ruwan gefensa na yamma a matsayin wurin da aka haramta kamun kifi. An ƙirga nau'in murjani mai tauri, wato ƙananan halittun teku masu gina wa kansu gida kamar dutse, fiye da 200 da nau'in kifi fiye da 400 a wannan ɗan yanki. Ana ƙayyade yawan baƙin da za su shiga a rana, don haka sai an kama wuri tun da wuri, kuma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Abin da kike saye da wannan kuɗi shi ne natsuwa: masu gadin wurin sun saba koyar da 'yan makarantar Zanzibar waɗanda su ma yawancinsu ba su iya iyo ba, suna shiga ruwa tare da baƙi da tayar da za ki riƙe su ja ki, kuma babu cunkoson jirage a kanki. A kan tsibirin akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1904, akwai kuma wani ɗan tsohon masallaci da aka gina wa masu kula da fitilar.

Ba na son sharuɗɗan nan su rage miki ɗoki, domin abin da ke ƙasan ya cancanci wahalar. Da zarar fuskarki ta shiga ruwa, hayaniyar sama takan yanke, sai ƙarar numfashinki da wani ƙas-ƙas-ƙas da za ki riƙa ji ta ko'ina. Wani ɓangare na wannan ƙara na kifin aku ne, mai launin kore da shuɗi da baki irin na aku, yana gatsar dutsen murjani don ya ci gansakukar da ke kai, sannan ya fitar da garin dutsen a matsayin yashi, kuma wani kaso na farin yashin da ake takawa a irin waɗannan tsibirai ta cikinsa ya biyo. Za ki ga murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, da mai faɗi kamar faifai, da dunƙulalle mai zane kamar ƙwaƙwalwa. Za ki ga wani ɗan kifi ruwan lemo mai fararen ratsi yana leƙowa daga cikin wata halitta mai laushi da ke kaɗawa kamar gezar shimfiɗa, idan kin matso ya fito ya tsaya a gabanki yana tsaron gidansa, alhali bai kai tsawon yatsa ba. Gilashin yana ƙara wa komai girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matso da shi, don haka abin da kike ganin hannunki zai kai gare shi sau da yawa ya fi haka nisa. Ko ma ya kai, kada ki taɓa. Akwai murjanin da ke ƙona fata, akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke zama a tsakanin duwatsu, akwai kuma kifi mai dafi da ke kwanciya a ƙasa ba a bambanta shi da dutse. Takalmin roba na shiga ruwa yana da araha, ki saya.

Game da wata, ku guji tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin babbar damina da suke kira masika, domin ruwan sama yana dagula teku kuma ana yawan soke tafiye-tafiye. Daga Yuni zuwa Satumba rani ne mai sanyi-sanyi da daɗin yawo, sai dai iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa da ƙarfi, teku yakan yi tsalle, musamman a gefen gabas da kuma bayan azahar. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa ce, kaskazi, da zafi. Ga mai koyo, na fi son Oktoba, ko Janairu da Fabrairu. A Nuwamba akwai ƙaramar damina, vuli, wadda ruwanta kan sauka ya ɗauke. Kowane wata kuka je, ku fita da sassafe, kuma kada ku ajiye tafiyar sai ranar ƙarshe, don idan mai jirgi ya ce yau teku ba kyau ku sami damar ɗagawa zuwa gobe ba tare da kun matsa masa ba.

Akwai kuma abin da mu mutanen tudu ba mu saba lissafawa ba, wato cika da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya janye, lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kowace rana, kuma a Zanzibar bambancin yakan kai kusan mita 4. A gefen gabas teku yakan ja baya har sai kin hango shi can nesa, mata suna tafiya a inda ɗazu jirgi ya wuce suna duba gonakinsu na ciyawar ruwa. Lissafin watan Musulunci zai taimake ki a nan: a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida gare shi ne ruwa ya fi cika ya fi janyewa, jansa kuma ya fi ƙarfi, a wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata kuwa ya fi lafawa. Shi ya sa lokacin tashi ba a hannun ango yake ba, kuma idan an ce ku bar Nakupenda yanzu, ku bar shi yanzu. Ku kuma tantance agogon da ake nufi, domin Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, abin da suke kira sa'a biyu na safe shi ne ƙarfe takwas.

Kafin ki sa ƙafa a jirgi, ki ga rigunan ceto da idonki, ki ƙirga su da yawan mutane, ki gwada taki a kan tudu. Ki tambaya ko akwai tsani na hawowa daga ruwa, ko akwai rumfa, kuma ko wani daga cikin ma'aikatan zai shiga ruwa tare da ku ko duk a jirgi za su zauna. Idan kin ga lodi ya yi yawa, ku sauka ko da kun biya. Mutanen Zanzibar ba su manta da jirgin Spice Islander ba, wanda ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a Satumban 2011 saboda lodin da ya wuce kima, mu ma nan gida mun sha jin irin wannan labari a kogunanmu. Ki karya kumallo da abu marar maiƙo, ki riƙe citta, ki zauna a tsakiyar jirgi kina kallon nesa idan kin ji tashin zuciya.

Tambayarki ta sutura ta yi mini daɗi, kuma amsarta mai sauƙi ce, domin mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, ba wanda zai kalle ki don kin rufe jiki. Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, riga mai dogon hannu da ta sauko har cinya, da wando har idon sawu, da hula mai rufe gashi da wuya, waɗanda ake kira burkini, kuma a arewacin Unguja wata ƙungiya mai suna Panje Project ta daɗe tana koya wa mata da 'yan mata iyo a cikin irinsu. Ki saya tun daga gida ki gwada. Abin da nake gargaɗinki da shi da babbar murya shi ne kada ki shiga ruwa da abaya, ko zane, ko dogon hijabi. Yadi idan ya sha ruwa yakan yi nauyi, ya naɗe ƙafafu, hijabi kuma yakan taso ya rufe fuska da bakin bututun. Ki ajiye su a jaka ki yafa da zarar kin fito. Rufe jikin ma kariya ce daga rana, domin wanda ya kwanta rub da ciki na sa'a guda a kusa da tsakiyar duniya, bayan wuyansa da bayan ƙafafunsa za su ƙone ko da baƙar fata ce, kuma sanyin ruwan ba zai bari ya ji ba sai dare.

Sallah kuwa ba za ta gagara ba. Hadisi ya tabbata cewa ruwan teku mai tsarki ne kuma matacciyar dabbarsa halal ce, don haka za ku yi alwala da shi, yashi mai tsabta kuma ya isa wurin sallah. Abin da zai ruɗe ku shi ne alƙibla. Mu mun saba fuskantar gabas, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya, saboda haka arewa ake kallo. Masu jirgin akasari Musulmi ne, ku tambaye su. Batun haɗa azahar da la'asar ko yin ƙasaru, ku tambayi malaminku kafin ku tashi. Abincin rana a irin wannan tafiya gasasshen kifi ne da jatan lande da ƙaguwa da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Idan ba ki taɓa cin irinsu ba ki ɗanɗana kaɗan tukuna, domin akwai jikin da ba ya karɓarsu, tsibiri kuma ba shi da asibiti. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ku kada ku ci. A Maris na 2024 yara 8 da babba 1 sun rasu a yankin Pemba bayan sun ci shi.

A taƙaice game da takardu, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida ya jira amincewa, ba a ba shi a filin jirgi, don haka ku fara da wuri. Ku riƙe katin rigakafin shawara, kuma tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata ta kanta, wadda aka fara da dala 44 ga kowane mutum.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Shekaruna sittin da biyu, ina shan maganin hawan jini, kuma 'ya'yana sun shirya mini irin wannan tafiya tare da jikoki biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara shida. Babban ɗana ya sayo mini gilashin da ke rufe fuska duka, ya ce ya fi sauƙin numfashi. Me ka gani?

Wani dattijo, daga Maraɗi

Amsa

Ranka ya daɗe, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa zuriya albarka. Kafin ku sayi tikiti ku ga likitanku, ku gaya masa ainihin abin da za ku yi, wato kwanciya a ruwa ana numfashi ta bututu, ku nemi ya duba zuciya ba awon jini kaɗai ba. Dalilina shi ne, a tsibiran Hawai na Amurka, inda wannan wasa yake kan gaba wajen halaka baƙi a ruwa, an gudanar da bincike aka gano cewa da yawa daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su ba shaƙar ruwa suka fara yi ba. Jan iska da ƙarfi ta bututu mai matsi, a lokacin da ruwa ke danne ƙirji, yana iya sa ruwan jiki ya taru a huhu, sai iskar da ke cikin jini ta ragu, mutum ya ji numfashi ya yi masa wuya, ƙarfinsa ya ƙare, ya suma shiru ba tare da ya yi fafutuka ba. Masu matsalar zuciya da waɗanda suka takura wa kansu da iyo mai ƙarfi sun fi shiga wannan hatsari. Idan likita ya amince, ku huta kwana biyu ko uku bayan doguwar tafiyar jirgin sama, ku sa rigar ceto, ku tsaya kusa da jirgi, ku yi minti goma ku fito ku huta. Da zarar kun ji numfashi ya canza ko wata gajiya ta sauko muku farat ɗaya, ku juya rigingine, ku cire bututun, ku kira a fito da ku, kuma kada ku koma ruwa a ranar.

Gilashin da ɗanku ya sayo da kyakkyawar niyya ya saya, amma ni ban so ku yi amfani da shi ba. Idan ƙirarsa ba ta da kyau iskar da aka fitar takan taru a ciki a sake shaƙarta, kuma cire shi cikin gaggawa ya fi wuya, alhali bututu na gargajiya tofar da shi kawai ake yi. Ku nemi mai sauƙi, mai faɗin baki, marar tarkace a samansa.

Jikoki kuwa, kowanne da rigar ceto ta girmansa mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, domin rigar manya takan zame ta saman kan yaro. Kowane yaro a ba shi babba guda da aka ambaci sunansa, wanda ba zai yi nesa da shi fiye da tsawon hannu ba kuma ba zai riƙe waya ba, kuma wannan babban kada ya zama ku. 'Yar shekara shidan idan ta ƙi sa fuska a ruwa kada a tilasta mata, bakin yashi ya ishe ta.

Tambaya ta uku

Malam, ni sana'ata sayar da kayan kwalliyar mata. Na ji ana cewa murjani a zube yake a waɗannan tsibirai. Zan iya tsinto shi in kawo a yi mini tsakiya da abin wuya?

Wata 'yar kasuwa, daga Kano

Amsa

Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka, amma wannan ba hajar da za ki ɗauko ba ce. Jan murjanin da iyayenmu mata suka sani a wuya da hannu wani nau'i ne daban, wanda aka fi samowa daga zurfin Bahar Rum, kuma ta hannun fataken Sahara ya riƙa iso mana. Na gefen tsibiran Zanzibar launinsa a jikin halittar yake, idan ya mutu sai ya koma farin dutse mai ramuka da ke marmashewa, ba ya goguwa balle ya yi ƙyalli. Shi murjani dabba ne, tarin ƙananan halittu masu gina wa kansu gida na farar ƙasa, kuma a cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ke samar musu da abinci daga hasken rana. Dunƙulallen nau'insa kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a shekara, don haka guntun da ya cika tafin hannunki aikin shekaru ne masu yawa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima yakan kori gansakukar ya yi fari fat, kamar yadda ya faru a 1998 lokacin da murjani mai ɗimbin yawa ya mutu a yammacin Tekun Indiya, kuma inda ya mutu kifi yakan watse, masuntan ƙauyukan bakin teku su rasa abin kai wa gida. Ban da haka, murjani mai tauri yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai suna CITES ta hana a ƙetara iyaka da su sai da izini, ko da matacce ne aka tsinta a bakin ruwa, kuma jami'an filin jirgi suna iya ƙwace shi su ci ki tara. Idan haja kike nema, ki shiga kasuwar Darajani a tsohon garin ki sayi kanumfari da kirfa da masoro, ki kuma duba atamfofinsu da suke kira kanga, waɗanda ake sayarwa biyu-biyu, kowace da karin magana na Suwahilanci a rubuce a gefenta. Ki sa a fassara miki rubutun kafin ki biya, domin wasu addu'a ce, wasu kuwa habaici ne tsakanin kishiyoyi.